Shekaru takwas na Obama a majalisar jihar Illinois: ƙwazonsa ne ko ɗaurin gindi?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya muna hira da ɗalibaina na tambaye su aikin da Barack Obama yake yi kafin duniya ta san shi. Wani ya ce lauya, wani ya ce sanata. Na ce sanatan ina? Aka yi tsit. Babu wanda ya san mutumin nan ya yi kusan shekara takwas, daga Janairun 1997 zuwa Nuwamban 2004, yana ɗan majalisar dattawan jihar Illinois, ɗaya cikin mutum 59, yana wakiltar mazaɓa ta 13 a kudancin birnin Shikago. A majalisar dattawan tarayya kuwa ko shekara huɗu bai cika ba. Wato inda ya fi daɗewa a matsayin ɗan majalisa shi ne inda aka fi mantawa. To ga tambayata: abin da ya samu a wannan majalisa, guminsa ne, ko wani babba ne ya ɗora shi a kafaɗa? Ina da ra'ayi, amma bari in ji naku tukuna.

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ban ga abin muhawara ba. Mutumin da ya fito daga Harvard, yana koyar da dokar tsarin mulki a Jami'ar Shikago, ga baki, ga kwanya. Wa zai ɗora shi? Ai hasken fitila ba ya ɓuya.

Baba Ilu: Yaro, fitila nawa ka san an kunna aka kife musu kwando? Tambayi yadda ya shiga majalisar ma tukuna.

Ɗanjuma: Zaɓe ya ci mana, Baba.

Baba Ilu: Da wa ya kara a zaɓen fid da gwani? Faɗa mini sunan mutum ɗaya.

Barista Saratu: Ɗanjuma, kada ka wahalar da kanka, babu kowa. Bari in warware abin da Baba yake nufi, don labarin yana da ɗan tsawo. Mai kujerar a lokacin wata mata ce, Alice Palmer. A 1995 ta ce za ta nemi kujerar majalisar wakilai ta tarayya da Mel Reynolds yake kai, wanda ya yi murabus a cikin shekarar. Ta goyi bayan Obama ya gaje ta a jiha, a bainar jama'a. A ƙarshen Nuwamba aka yi zaɓen fid da gwani, Jesse Jackson ƙarami ya lashe, ita ta zo ta uku. Sai ta waiwayo tana son tsohuwar kujerarta. Dattawan unguwa suka je wa Obama cewa ya janye mata, ya ce alƙawari aka yi, ya riga ya yi nisa.

A tsarinsu, kafin sunanka ya hau takardar ƙuri'a sai ka kawo sa hannun masu rajista 'yan mazaɓar, wancan karon 757 ake bukata. Palmer ta tattara nata a gurguje cikin 'yan kwanaki. Mutanen Obama suka tare a ofishin hukumar zaɓe suna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya: wannan ba shi da rajista, wannan adireshinsa ba a mazaɓar yake ba, wannan rubutun bai yi kama da na katin rajista ba. Da aka gama tankaɗe da rairaya, nata bai kai ba. Sauran mutum uku da suka fito su ma haka aka kakkaɓe su. Watan Maris na 1996 sunansa kaɗai ne a takarda. Mazaɓar kuwa ta 'yan Dimokurat ce ƙasa da sama, don haka babban zaɓe cika ƙa'ida ne kawai.

Ɗanjuma: To ai bai karya doka ba.

Barista Saratu: Ban ce ya karya ba. A matsayina na lauya, abin da ya yi daidai ne, kuma in ni ce lauyarsa haka zan ba shi shawara. Amma ka tuna a 1992 shi ne ya jagoranci gangamin yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe a Shikago. Mai kiran mutane su fito su zaɓa, ga shi ya bar musu mutum ɗaya tilo. Doka ta yarda, zuciya ce take ɗan ɗaga gira.

Hajiya Turai: Ku ba ni dama in sa baki a nan, don wannan aikin tattara sa hannu na taɓa yin sa da hannuna. Lokacin da nake zaune a Shikago wata maƙwabciyata ta ja ni mu taya wani ɗan takarar ƙaramar kujera. Ƙarshen kaka ne, iskar tafkin nan tana shiga ƙashi. Muka tsaya a bakin tashar jirgin ƙasa da allo da biro, biron ma sai ka riƙa hura masa iska da baki kafin ya yi rubutu. Mutum zai tsaya don tausayi, ya zana wani abu kamar sawun kaza, ka ce masa adireshi fa, ya ce jirginsa ya iso. Wani zai rantse maka a unguwar yake, ashe titi ɗaya ya raba shi da iyakar mazaɓar. Ranar farko na kai takardu uku ina jin kaina, matar da ke dubawa ta ɗauki jan biro ta soke kusan rabi a gabana. Ta ce shi ya sa ake tara ninki biyu ko uku na abin da doka ta nema. Tun ranar na daina ganin abin da ya sami Palmer a matsayin zalunci zalla. Duk ɗan siyasar Shikago ya san wannan wasan. Ita ce ba ta fafe gorarta da wuri ba.

Baba Ilu: Hajiya, na yarda ta yi sakaci. Amma wadda ta riƙe maka tsani ka hau, in ta zame ai ba ka taka mata yatsu ba.

Hajiya Turai: Baba, in da ya janye, da yau ba mu san sunansa ba, kuma da ba ka sami wanda za ka caccaka ba a zauren nan.

Malam Habibu: Ha ha, Hajiya kin taɓa Baba. Mu ci gaba. Ya shiga majalisa a 1997, kuma abin da mutane ba sa lura da shi shi ne shekara shida na farko a ɓangaren marasa rinjaye ya yi su. 'Yan Rifablikan ke riƙe da majalisar ƙarƙashin James Philip, wanda ake kira Pate, mutumin da ba ya ɓoye cewa Shikago ba ta gabansa. Ɗan marasa rinjaye kuma sabon shiga, ƙudurinka a kwamiti yake kwana har ya mutu. Ga tafiya: Springfield, inda majalisar take, ta kai kilomita 320 daga Shikago, ya tuƙa mota sama da awa uku ya bar iyali a gida, ya kwana a otal. Kuma 'yan uwansa baƙaƙe na majalisar ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba. Rickey Hendon da Donne Trotter sun sha yi masa shaguɓe, suna ganin ɗan boko ne mai ji da kai da bai san wahalar unguwa ba, wanda ya zo wucewa kawai.

Nafi'u: Malam, to da wa ya yi abota ke nan?

Malam Habibu: Abin mamakin ke nan, Nafi'u. Da fararen fata na bayan gari da na karkara. Akwai zaman karta da ake yi da dare a Springfield, su Terry Link da Denny Jacobs da Larry Walsh, har da 'yan Rifablikan da masu kamun ƙafa na kamfanoni. Ya shiga cikinsu. Ya kuma koyi wasan golf. Ba don nishaɗi kawai ba. A teburin karta kake sanin wane ne mai tsoro, wane ne mai cika baki, wa zai ba ka ƙuri'arsa in ka bar masa wani abu.

Ɗanjuma: Kun gani? Dabararsa ce. Babu ubangida a nan.

Baba Ilu: Sannu mai gaggawa. Malam, faɗa masa sunan Emil Jones, ko in faɗa?

Malam Habibu: Bismillah Baba, naka ne.

Baba Ilu: Emil Jones shi ne jagoran 'yan Dimokurat a majalisar. Tsohon hannu, ya shiga majalisar jiha tun 1973, ya taso ne ta cikin injin siyasar Shikago, ya taɓa yin aikin duba magudanan ruwa na birni. Ba shi da turancin Harvard, amma ya san inda kowace ƙuri'a take kwana. A 1998 da tsohon sanata Paul Simon ya haɗa 'yan majalisa daga jam'iyyu biyu don gyara dokar kuɗin kamfe, wa Jones ya tura? Yaron nan. Dokar ta hana 'yan majalisa karɓar manyan kyaututtuka daga masu kamun ƙafa, ta hana su mayar da kuɗin kamfe na aljihu. Wannan ita ce fuka-fukinsa na farko, kuma miƙa masa aka yi. Sannan da Dimokurat suka karɓe majalisar a zaɓen 2002, Jones ya zama shugaba a Janairun 2003. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa Obama ya same shi ya ce masa yanzu yana da ikon da zai iya ɗora mutum a kujerar sanatan tarayya, Jones ya tambaye shi wa yake nufi, Obama ya ce shi kansa. Daga nan aka ba shi shugabancin kwamitin lafiya da walwalar jama'a, aka riƙa ɗauko ƙudurori masu farin jini ana ɗora sunansa. Har da wanda Hendon ya yi shekaru yana fama a kai, na hana 'yan sanda tsayar da direbobi saboda launin fata. Hendon bai ɓoye haushinsa ba. Wani ya yi noma, wani ya zo ranar girbi da hoto.

Barista Saratu: Baba, a kan 2003 ina tare da kai rabi. Amma ta 1998 kada ka mai da ita kyauta. Wannan aiki ne da ba wanda ke so. Ka je ka ce wa abokan aikinka daga yau ba za su sayi mota da kuɗin kamfe ba, ka ga irin kallon da za su yi maka. Jones ya tura shi ne don sabo ne, ba shi da abin asara, in abin ya fashe a kansa zai fashe. Shi da Kirk Dillard na Rifablikan suka bi mutane har ta wuce. Dillard ɗin nan daga baya har fitowa ya yi a tallan kamfen ɗin Obama, abin da ya jawo masa tsangwama a jam'iyyarsa.

Sannan akwai wadda ni a wurina ta fi duka, kuma ba na jin wani zai ce miƙa masa nasararta aka yi: dokar ɗaukar bidiyon tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai. Sai kun san halin da Illinois take ciki kafin ku ga girmanta. Daga 1977 zuwa 2000 jihar ta zartar da hukuncin kisa kan mutum 12, amma ta saki 13 daga cikin masu jiran kisa bayan an gano hukuncinsu ba daidai ba ne. Waɗanda aka saki sun fi waɗanda aka kashe yawa. Shi ya sa gwamna George Ryan, ɗan Rifablikan, ya dakatar da kisa a Janairun 2000, kuma kafin ya sauka a Janairun 2003 ya sassauta wa mutum 167. Ga kuma badaƙalar wani kwamandan 'yan sandan Shikago, Jon Burge, wanda aka yi shekaru ana zargin shi da yaransa da azabtar da mutane har su amsa laifi.

To ƙudurin ya ce a kunna kyamara tun daga fara tambaya, ba sai an gama murɗe mutum a zaunar da shi ya karanta ikirari ba. 'Yan sanda suka ƙi. Masu gabatar da ƙara suka ƙi. Sabon gwamna Rod Blagojevich, ɗan jam'iyyarsu, shi ma da farko bai so ba. Obama bai hau mumbari ya zage su ba. Zama ya riƙa yi da su, yana nuna musu cewa kaset ɗin nan kariya ce gare su: in wanda ake tuhuma ya je kotu ya ce dukansa aka yi, sai a kunna. Ya sassauta musu wasu wurare, misali in na'ura ta lalace ba da gangan ba. Ƙarshe majalisar dattawa ta amince babu ko ƙuri'a ɗaya ta adawa. Alaska da Minnesota suna da irin wannan, amma kotu ce ta tilasta musu. Illinois ce ta fara yin ta ta hannun majalisa. Jones zai iya ba ka ƙuduri, ba zai iya shawo maka kan ƙungiyar 'yan sanda ba.

Baba Ilu: 'Yata, wannan na sallama miki. Ɗaya ke nan.

Nafi'u: Anti Saratu, ni abin da na taɓa ji shi ne wai yana gudun kaɗa ƙuri'a, ba ya cewa e ba ya cewa a'a. Gaskiya ne?

Hajiya Turai: Nafi'u, bari in ba ka hoton abin, na taɓa raka 'yan makarantar 'yata ziyara majalisar, muka zauna a benen 'yan kallo. Kowane ɗan majalisa yana da maɓallai a teburinsa: kore na e, ja na a'a, ruwan ɗorawa na "ina nan". Akwai babban allo a bango da sunayensu, da an buɗe ƙuri'a sai ka ga fitilu suna kamawa tar-tar-tar, cikin daƙiƙu an gama. Wata yarinya ta tambayi jagoranmu, wai masu ruwan ɗorawa ba su karanta ba ne? Duk muka fashe da dariya.

Barista Saratu: Tambayar yarinyar ta fi ta manya da yawa. Ya danna wannan maɓallin sau 129 cikin ƙuri'u kusan 4,000, kuma Hillary Clinton ta yi ta dukan sa da shi a 2008. Sai dai a Illinois ƙuduri ba ya wucewa sai ya sami e guda 30 cikin 59, ko mutum nawa suka halarta. Saboda haka "ina nan" a lissafi a'a ce, sai dai ba a iya buga ta a takardar kamfe a ce wane ya ƙi kaza. Wasu lokutan shiri ne na jam'iyya gaba ɗaya, musamman kan ƙudurorin zubar da ciki da aka tsara don a ɗana wa 'yan mazaɓu masu tsauri tarko. Wasu lokutan yana ganin manufar ta yi amma rubutun ya saɓa wa tsarin mulki. Wasu kuwa, mu faɗi gaskiya, laɓewa ce. Mutum ne da ya san wata rana za a buɗe littafinsa.

Baba Ilu: Ga ta nan. Tun yana can idonsa na kan hanya.

Ɗanjuma: Baba, laifi ne mutum ya so ci gaba?

Malam Habibu: Ba laifi ba ne Ɗanjuma, amma son ci gaban ya taɓa kai shi ƙasa. Shekara uku kacal da shiga majalisa ya ce zai ƙwace kujerar tarayya daga hannun Bobby Rush, tsohon jigo a ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙen fata ta Black Panther, wanda mutanen kudancin Shikago suka sani tun 1968. Komai ya juya masa baya. A Oktoban 1999 aka harbe ɗan Rush, jama'a suka tausaya wa uban. A Disamba gwamna Ryan ya kira zama na musamman kan dokar bindiga, Obama yana Hawai wurin kakarsa, 'yarsa Malia ba ta da lafiya, bai dawo ba. Ƙudurin ya faɗi da tazara kaɗan, jaridu suka yi masa caa. Ka duba, unguwar da ake binne matasa saboda bindiga, wakilinsu yana tsibiri ranar ƙuri'a. Uzurinsa na gaskiya ne, amma wa zai saurara? Shugaba Bill Clinton ma Rush ya mara wa baya. Watan Maris na 2000 Rush ya sami kusan kashi 61, shi kusan 30. Ninki biyu.

Kuma ga ra'ayin nawa da na ce zan faɗa. Ni a ganina wannan kayen ne ya yi shi, fiye da Jones, fiye da Harvard. Waɗanda suka zauna da shi sun ce ya dawo Springfield wani mutum daban, ya rage lacca ya ƙara sauraro. Kuma ya gane cewa ba zai taɓa fin Rush zama ɗan unguwa ba, kasuwarsa tana wani wuri.

Barista Saratu: Malam, ƙara musu da zancen hula, don a nan sa'a ta shigo.

Malam Habibu: Af, na kusa mantawa. Bayan ƙidayar 2000 sai sake shata mazaɓu. Tsarin mulkin Illinois ya ce in majalisa ta kasa, a kafa kwamitin mutum takwas, huɗu-huɗu. In su ma suka cije, kotun ƙolin jiha ta ba da sunaye biyu, sakataren jiha ya zaro ɗaya da ka. A 2001 cikin hula irin doguwar nan ta tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln aka zuba sunayen, aka zaro na ɗan Dimokurat. Da wannan suka zana taswirar da ta ba su rinjaye a 2002. Mazaɓar Obama kuma aka ja ta arewa ta bi bakin tafki ta shiga tsakiyar birni, unguwannin masu hannu da shuni. Ya riƙe unguwarsa ta Hyde Park, ya ƙara da mutanen da za su iya rubuta masa cak. Da ɗaya sunan aka zaro, Jones ba zai zama shugaba ba, ƙudurorin 2003 ba za su ga rana ba.

Nafi'u: Kai! Wato shugabancin Amurka ya ratsa ta cikin hula.

Baba Ilu: Hula, ubangida, da jan biro. Na gama.

Ɗanjuma: Baba ka manta Oktoban 2002. Yana ɗan majalisar jiha ya tsaya a dandali a Shikago ya ce bai yarda da yaƙin Iraƙi ba, lokacin da manya a Washington suke layi suna amincewa. Wannan ma Jones ne ya rubuta masa?

Baba Ilu: A'a, wannan nasa ne. Amma mai kujerar jiha ba a kiransa ya kaɗa ƙuri'ar yaƙi, kuma mazaɓarsa ba masu son yaƙin ba ne. Wanda ke bakin ganga ya fi kowa iya iyo.

Hajiya Turai: Ni fa akwai abin da ke damuna a muhawarar nan. Duk muna auna shekarun nan takwas da ma'aunin fadar White House, kamar majalisar jiha zaure ne da ake jira a shiga cikin gida. Alhali can ake yanke kuɗin makarantu, dokokin hukunta laifi, inshorar lafiyar yaran talakawa. Faɗaɗa shirin lafiyar yara da ya yi a 2003, da rangwamen haraji ga masu ƙaramin albashi da ya sa hannu a ciki, sun taɓa gidajen da ba su damu da wanda ke Washington ba. Kuma mafi yawan 'yan majalisun jihohi ba sa zuwa ko'ina. A New Hampshire 'yan majalisar wakilai 400 ne, albashinsu dala 100 a shekara. A Texas sau ɗaya ake zama a shekara biyu, kwana 140. Waɗannan ba tsani suke hawa ba.

Baba Ilu: Hajiya, kada ki sa in kawo miki wanda bai je ko'ina ba a Illinois ɗin. Michael Madigan. Ya shiga majalisar wakilan jihar a 1971, bai fita ba sai 2021, shekara 50. Kakaki ne daga 1983, ban da shekara biyu. Gwamnoni suna zuwa suna tafiya, shi yana nan. A Fabrairun 2025 kotu ta same shi da laifin cin hanci, aka yanke masa shekara bakwai da rabi. Ryan mai dakatar da kisa ya yi gidan yari. Blagojevich da ya sa hannu a dokar bidiyo, shi ne aka kama yana cinikin kujerar da Obama ya bari a tarayya, majalisar dattawan jihar ta tsige shi a Janairun 2009, ƙuri'a 59 babu ko ɗaya a bayansa. To wanda ya wuce da sauri da wanda ya yi kaka-gida, wa ya fi?

Hajiya Turai: Baba, ka zaɓo mafi muni ka ce shi ne ma'auni. Wanda ya gaji kujerar Obama, Kwame Raoul, ya zauna shekara 14 a kanta, yana cikin waɗanda suka ja ƙudurin soke hukuncin kisa gaba ɗaya a 2011. Abin da aka fara da kyamara, wanda ya zauna ne ya ƙarasa.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a riƙa sassautawa, na goge saƙonni biyu da suka koma zagi. Ɗanjuma, Baba sa'an mahaifinka ne.

Ɗanjuma: Tuba nake. Baba a yi haƙuri, zafin muhawara ne.

Baba Ilu: Ya wuce, ɗana. Ni ma da ina shekarunka na yi wa wani ɗan siyasa irin wannan son, har na daina gaisawa da aminina wata uku. Shi ɗan siyasar bai ma san ina duniya ba.

Nafi'u: Malam, tunda an ambaci hular Lincoln, shi ma ɗan majalisar nan ne?

Malam Habibu: Ƙwarai, ta wakilai, daga 1834 zuwa 1842. Yana cikin waɗanda suka yi cinikin ƙuri'u har aka ɗauke babban birnin jihar daga Vandalia zuwa Springfield. A Disamban 1840 ma ta taga ya dira don kada adadin masu zama ya cika a kaɗa wata ƙuri'a, kuma dirar ba ta yi amfani ba, an riga an ƙirga shi. A gaban tsohon ginin majalisar garin Obama ya tsaya cikin sanyin Fabrairun 2007 ya ce yana neman shugabanci. Kafin nan dai, a Maris 2004 ya ci fid da gwanin sanatan tarayya da kusan kashi 53 cikin 'yan takara bakwai, a Yuli, a babban taron jam'iyyar Dimokurat, ya yi jawabin Boston da Ɗanjuma ya haddace, a Nuwamba ya kayar da Alan Keyes da kashi 70. Ranar jawabin nan, har lokacin ɗan majalisar jiha ne.

Nafi'u: To Alice Palmer fa, sun shirya daga baya?

Barista Saratu: Ba ta sake tsayawa takara ba. A 2008 Hillary Clinton ta yi wa kamfe. Ta rasu a 2023.

Hajiya Turai: Allah sarki. Ni har yau in na ga mai allo da biro a bakin tasha sai na tsaya, kuma ina rubuta adireshina da manyan baƙaƙe.